Ranar da Inna Hurera ta kira sunan ɗanta na fari

'Yan matan unguwarmu a Karaye sun ɗauka jinyar tsofaffi zama ce kawai. A ganinsu za ki shiga gidan masu hali, ki miƙe ƙafa kusa da tsohuwa, a kawo tuwo da nama ki ba ta loma ɗaya ki ci biyu. Kwanan baya wasu daga cikinsu suka same ni wai in saka su a hanya. Na tambaye su ko sun taɓa wanke babbar mace da ta ɓata shimfiɗa, tana yakushinsu tana zagin iyayensu, su gama su shafa mata mai su ce sannu Inna. Suka kalli juna. To ga aikin nan, kowacce ta ji ta auna kanta.

Sunana Ladi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Mijina ya rasu da sauran ƙarfina, gona ta koma hannun 'yan'uwansa, na shiga jinya don in ci abinci. Mata kaɗai nake yi wa. Yawancinsu masu gigin tsufa ne, jiki yana nan amma hankali ya fara tafiya.

Gidan farko da na shiga, a bayan Gwaggo Tabawa na shiga, ina riƙe mata ƙunshi. 'Yar Daura ce ta nan wajenmu, ita ta koya mini aikin. Ba ta koyarwa da baki sai kin yi kuskure. Wata rana na zagayo ta bayan tsohuwar gidan na dafa mata kafaɗa, ta zabura ta kwaɗa mini kwanon sha a goshi. Gwaggo ta jira jinin ya tsaya, sannan ta ce ba a zuwar musu ta baya. Ki zo ta gaba, ki yi sallama ko sau nawa kika shiga a yini, ki durƙusa kanki ya yi ƙasa da nata. Kada ki yi musu da ita. In ta ce maigidanta da ya mutu tun kina goye yana hanyar dawowa daga gona, ki tambaye ta miyar me za a kaɗa masa. Tabon yana nan a goshina.

Gwaggo ta raba mini gigi gida biyu. Akwai mai zuwa a hankali, bana ta manta inda ta ajiye carbi, baɗi ta manta sunan jika. Wannan haƙuri ake yi da shi. Akwai kuma mai faɗowa rana ɗaya: jiya kun yi hira, yau ba ta san ɗakinta ba, tana ganin mutane a bango, ko ta yi laƙwas ba ta amsa kira. Wannan ciwo ne a jiki, zazzaɓi ko fitsari ko rashin shan ruwa, wani lokaci ƙwayoyin da ake ba ta ne suka yi mata yawa. A yi tofi, amma a nemi mota. Ita ma Gwaggo wata nas ce ta faɗa mata, bayan tsofaffi da yawa sun rasu a hannunta. Sannan in tsohuwa ta fara rabar da kayan ɗakinta tana cewa ta gaji da duniya, ta zame wa mutane kaya, ba a cewa ai zancen tsufa ne. A ɗauke maganin feshin wake da na ɓera daga inda hannunta zai kai, a rufe rijiya, kada a bar ta ita kaɗai, a faɗa wa babban gida, a kai ta wajen likita. Na ga inda aka yi dariya da irin wannan magana. Ba zan faɗi gidan ba.

Kayan aikina ba su cika buhu ba. Ledar shimfiɗa, fo, tsummokara masu laushi na tsohon zani, man kaɗanya saboda gyambon kwanciya, ƙaramin ludayi. Sai ƙararrawar akuya da nake ratayawa a jikin ƙyaure, don in san an buɗe ko ina madafi. Sai ƙwaryar gyada. Matan ƙasarmu da ɓarar gyada suka tashi. Ko wadda ta manta sunanta, ki ajiye mata ƙwarya a cinya za ki ga yatsu sun kama aiki, ta nutsu har azahar. Masu gida sukan ce a bar Inna ta huta, ta sha wahala a duniya. Hutun nan shi yake ƙara birkita su.

Shekarar da ruwa ya ɗauke dawa ta yi ciki, aiki ya mutu. Da hatsi ake sallamata a lokacin, gidan da bai ciyar da kansa ba kuwa ba zai ciyar da mai jinya ba. Kowa ya fita nema, maza cirani, mata ƙwadago, aka riƙa kulle tsofaffi a ɗaki. A wani gida a ƙasar Rogo na tarar an ɗaure tsohuwa da ɗankwali a ƙafar gado, ƙafar ta kumbura ta fashe. Ba mugaye ba ne, hannu ne babu. A shekarar ne gigin ya kama Gwaggo Tabawa ita ma, ni na yi jinyarta. Ba ta san ni ba, da sunan wata ƙanwarta take kirana, amma in na cika ludayi sai ta buge mini hannu ta ce rabi ake ɗebowa, so nake in shaƙe ta? Da ta rasu ban sake samun wadda zan kai wa tambaya ba. Har yau in abu ya ɗaure mini kai, sai na ɗauki mayafi zan tafi gidanta kafin in tuna.

Aikin da ya fi tsaya mini shi ne na Inna Hurera, a wani ƙauye kusa da Falgore. 'Yarta Hajara, mai aure a maƙwabtansu, ita ta zo har Karaye ta ɗauke ni. Inna uwar mai unguwar garin ce, Malam Iliyasu, kuma shi ne ɗanta na fari. Ku na yanzu kuna kiran ɗan fari da sunansa, ku ɗora shi a cinya gaban surukai. Su Inna ba haka suka tashi ba. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba, ko wani Iliya ne ya zo sayen ƙuli-ƙuli sai ta ce mai sunan wancan. Da aka yaye shi aka kai shi wajen kakarsa ta wajen uba a Zoza, can ya girma, sai da gemu ya dawo gidan. Kullum da safe yana zuwa ƙofar ɗakinta, ya cire takalmi ya tsuguna a bayan asabari ya gaishe ta. Ita kuma ta juya fuska bango ta amsa ƙasa-ƙasa, in Hajara na kusa ita take ɗaga murya ta ce Yaya, Inna ta ce lafiya lau. Gaisuwar kenan har ya yi furfura. Garin suna yabonta da haka, in ana son misalin mace mai kunya ita ake kawowa.

Damina guda muka yi lafiya. Gigin nata mai tafiya a hankali ne. Tana ɓarar gyada tana zagina. Bazawarar Karaye take ce mini, wai neman miji ya kawo ni na fake da jinya. Na ce in akwai mai rumbu biyu a garin ta nuna mini. Ta ce mai rumbu biyu ba makaho ba ne. Tana gama dariya sai in miƙa ludayi, da haka nake ciyar da ita.

Ranar da abin ya juya lokacin cirar gyada ne, tsakar gida cike da mata ana tsinka. Tun asuba na ji jikinta da zafi, ta ƙi ruwa, fitsarinta ya yi duhu yana wari. Da hantsi ina shanya sai na ji ƙararrawa. Kafin in juyo ta fito tsakar gida ba ɗankwali, ta tsaya tana waige-waige, ta ɗaga murya.

"Iliya. Ina kuka kai mini Iliya?"

Hannun kowa ya tsaya. Wata amarya ta yi dariya ta toshe baki. Hajara ta watsar da abin da ke hannunta, ta rufe wa uwarta kai tana salati.

Kafin azahar gidan ya gama yanke hukunci: ba Inna ce ta yi magana ba. Inna ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗi sunan nan ba, don haka iska ce ta shige ta take magana da bakinta. Aka aika kiran malami, aka hura garwashi za a yi hayaƙi. Na ce wa Hajara malam ya yi addu'arsa, ba na hanawa, amma a nemo mota. Jiya matar nan ta ci tuwo ta zage ni, yau ba ta san ni ba, kuma ta taɓa jikinta ta ji. Malamin ma da ya gama tofi abin da ya ce kenan. Muka sa katifa a bayan a-kori-kura muka kawo ta asibiti a Karaye. Aka auna fitsari aka ce ƙwayar cuta ce, ga jiki ya bushe. Aka yi mata ƙarin ruwa da allurai, zazzaɓi ya sauka, ta dawo tana gane Hajara. Likita ya ce abin da zazzaɓi ya kawo zai tafi, amma mantuwar tsufa ba ta komawa baya, mu dai mu tabbata tana ci tana sha.

Cin ne ya gagara. Mun dawo gida jiki da sanyi, amma sunan bai bar bakinta ba. A wajenta jiya aka yaye yaron aka tafi da shi Zoza. In na kawo koko sai ta ture, ta ce ita ta sha alhali ba ta san ko an ba shi ba? Tuwo ta riƙa ƙullewa a bakin zani, ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin matashi, duk na Iliya ne. Ƙwaryar gyada ta kifar da ita. Ba sau ɗaya ba na kamo ta a bakin gonar dawa da ƙunshi a ka, wai Zoza za ta. Na yi duk dabarar da na sani. Na ce an aiko ya ƙoshi, ta ce in nuna mata ɗan aiken. Hajara ta aro ɗan wata maƙwabciya ta ɗora mata a cinya, ta duba shi ta miƙa, ta ce ta san nata. Ruwa kaɗai nake samu in ɗiga mata. Idanu suka faɗa, fatar hannu in kin ja ba ta komawa.

Shi kuwa mai unguwa, tun ranar da ya jiyo kiran daga zaure ya daina shigowa cikin gida. Ko gaisuwar safe ya yanke. Motar asibiti shi ya nemo, magani shi ya saya, amma yana nesa. Ta katanga yake jin tana kiransa. Hajara ta ce ita ba za ta iya tunkarar Yaya da wannan magana ba, matarsa ma haka. Ni ba 'yar gidan ba ce, ba abin da zan rasa sai tuwo.

Na jira bayan la'asar masu kawo ƙara suka watse, na durƙusa a bakin zaure ta ciki. Muka gaisa, ya tambayi mai jiki, na ce da sauƙi kamar yadda ake cewa. Sannan na ce gaskiya babu sauƙi.

"Ranka ya daɗe, kai take kira. Ka shiga."

Ya ce ba ƙi ya yi ba. Matar nan ta tsare mutuncinta tun tana yarinya, yanzu hankali ya gushe ta saki abin da ta riƙe, shi kuma sai ya je ya tsaya a kanta yana kallo? In Allah ya ba ta lafiya ta ji labari, da wane ido za ta dubi mutane? Nesan da ya yi, rufa mata asiri yake.

"Ba za ta ji labari ba," na ce. "Likita ya faɗa, an kuma gaya maka. Wadda kake rufa wa asirin ba za ta dawo ba. Wadda ke ɗakin nan kuwa yunwa za ta kashe ta."

"Ladi, tun da nake ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Fuskarta ma daga gefe na san ta. In na shiga me zan ce?"

Na ce ban sani ba. Abin da na sani, in bai shiga ba su tanadi likkafani kafin kasuwar Rogo ta sake ci. Ya ce ni dai ban iya magana ba. Na ce haka Inna ma take faɗa.

Washegari da safe na dama koko na zuba a ƙwarya, sai na ji an cire takalmi a ƙofa. Ya tsuguna bayan asabari inda ya saba. Na naɗe asabarin sama, na kori matan da suka fara leƙe, na ce bismilla. Ya shigo a sunkuye kamar mai shiga ɗakin surukai, ya zauna can bakin tabarma.

Inna ta ga namiji mai furfura, ta ja mayafi ta rufe kai. Ta tambaye ni baƙon wa ne. Na dube shi. Shi ne ya amsa, ya ce daga Zoza yake.

Ta yaye mayafin. Ta matso da gwiwa, ita da sai an ɗaga ta.

"Malam, daga Zoza? Ka san gidan surukata, mai durumi a ƙofa? Akwai yaron da aka kai yaye. Iliya. Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Yana cin abinci?"

"Yana ci."

"Tsohuwar nan ba ta iya dama koko ba, duk gudaji. Yana kuka?"

Ya dubi ƙasa. "Ya yi da farko. Yanzu ya rage."

"Yana nemana?"

"Kullum. Bakin hanya yake zuwa ya tsaya."

Ta ce a hana shi, shanu suna bin hanyar nan. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta fito da ƙuli-ƙulin da ta tara, wani har ya yi fumfuna, ta ƙulle a tsumma ta damƙa masa. Ta riƙe hannunsa da nata biyu tana jaddada masa kada ya ba 'ya'yan gidan, na Iliya ne. Na tura ƙwaryar koko kusa da gwiwarsa. Ya gane. Ya ce mata yaron ya ce ba zai ci ba sai an gaya masa ita ma ta ci.

"Ji ɗan nema, har ya iya baki haka?"

Ta yi dariya. Rabona da jin dariyarta tun kafin asibiti. Ya ɗebo da ludayi, wani ya zube a tabarma. Ta buɗe baki.

Daga ranar ya zama baƙon Zoza. Kullum da safe kafin ya zauna zaure sai ya shigo da labarin yaro, ita kuma ta sha koko tana tambaya. Ya ba ta labarin ranar da yaron ya faɗa kududdufi, da ranar da aka sa shi allo, da akuyar da kakarsa ta ba shi kiwo. Ba ƙirƙira yake yi ba. Yaron yana girma a bakinsa, washegari ita ta mayar da shi ɗan yaye, ya sake farawa. Mutanen gari suka yi surutu, wasu suka ce mai unguwa ya zubar da girma, suka gaji suka bari. Ya taɓa tambayata ko ya gaya mata cewa shi ne. Na ce ya gwada in yana so. Ya gwada. Ta rufe fuska ta juya bango, ranar ba ta sha koko ba. Ko ganewa ta yi kunyar ta dawo, ko ta ɗauka baƙo ne yake mata wasan banza, ban sani ba. Bai sake ba.

Ta ga wata daminar, ta rasu ana noman farko. Ba yunwa ce ta kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Ana saura 'yan kwanaki, da safe ya gama ba ta koko zai tashi, sai ta kama bakin rigarsa. Ta dubi ƙofa ta tabbata ba kowa sai ni, ni kuwa ba ta lissafa ni cikin mutane. Ta rage murya.

"Malam, in ka koma ka gaya masa. Ranar da za a tafi da shi, cewa na yi zan je ɗebo ruwa, don kada a ga fuskata. Ba rijiya na je ba. Ina bayan danga ina leƙensu ta kafa har suka ɓace. Kada ka faɗa wa kowa, shi kaɗai."

"Zan gaya masa, Inna."

"Ka ce ya bar tsayawa a hanya. Ina zuwa."

Ya fita. Ya daɗe a bakin ƙofa yana sa takalmi, ga mutane can a zaure suna jiransa da rigimar iyakar gona. Na ɗauki ƙwaryar na kai wanki. Ba ta rage komai ba.